Ranar da Dusar Ƙanƙara ta Sauka a Sitonmu

Ni da hannuna na kunna musu talabijin ɗin, kuma har gobe ban ga laifina a wannan ba. Duk macen da ta taɓa turara shinkafa ta san dalili. Ga duro biyu a kan wuta suna tafarfasa, ga garwashi a warwatse, ga ruwan zafin da ake tsiyayewa yana bin tsakar gida, sannan ga yara biyu masu ƙafar yawo suna shawagi a tsakani. In ba a ba su abin da zai zaunar da su ba, sai ɗayansu ya ƙone. Masu cewa kallo yana lalata yara su zo su riƙe mini su na wuni ɗaya, sai mu yi magana.

Garinmu yana bakin babban kanal ne, tsakanin Kura da Bunkure, inda ruwa ba ya yankewa rani da damina. Lokacin ɗari shi ne lokacin alkama, ita kuwa alkama sanyi take so. Maigidana ne kaɗai mutumin da na sani yana fita da sassafe haƙoransa na haɗuwa, amma yana yi wa Allah godiya da sanyin ya ƙaru. Shi ya sayo farantan sola don injin ban ruwa, ya ware ɗaya ya ɗora a rufin ɗakina, ya haɗa shi da wani tsohon batir. Daga nan muke samun fitila da cajin waya da 'yar talabijin, in rana ta yi abin kirki.

Yaran biyu, ɗaya 'yata ce mai shekara huɗu da ɗoriya, ɗayan kuma ɗan ƙanwata ne mai shekara uku. Ƙanwata tana aure a Kumbotso. Sai da ta binne biyu kafin ta samu wannan yaron, kuma a lokacin tana da wani cikin da likita ya ce ko bokiti kada ta ɗaga. Ranar da ta kawo mini shi, har ta shiga mota ta sake fitowa ta gyara masa hula. Ta ce, "Yaya, amana." Na ce ta tafi ta ba mu wuri, sai ka ce a kanta aka fara haihuwa. Na faɗa da wasa, amma maganar ta zauna mini a ƙirji.

A tashar yaran, da shekarar Turawa ta zo ƙarshe, sai suka kama wani shiri guda suna ta maimaita shi kullum da hantsi, kamar ba su da wani. Wata 'yar bushiya ce da wani ɗan agwagwa. Su tashi daga barci su buɗe taga, sai su ga duniya ta yi fari fat, bishiya da rufi da hanya. Su sa hula, su sa safar hannu, su fita suna waƙa da Turanci. Can sai su ɗaga kai sama su zaro harshe, farin abin nan ya sauko a hankali ya faɗa a kai, su yi karkarwa, su fashe da dariya. Wurin nan yaran suke jira. Da an zo shi sai su miƙe a gaban talabijin su ma su zaro harshe, su yi karkarwar ƙarya, su zube ƙasa suna ƙyalƙyala dariya.

Wata rana yarinyar ta biyo ni har bakin murhu. Yaya take ce mini, saboda haka ne ta ji ƙannena suna kirana.

"Yaya, mene ne farin nan?"

"Dusar ƙanƙara. A garinsu ake yin ta."

"Ana sha?"

"Ba ga shi kina gani suna sha ba?"

"Da zaƙi?"

"Ni na taɓa sha ne? Sanyi dai gare ta. Matsa mini daga wuta."

Ta tafi tana gaya wa ƙanenta wai sanyi gare ta, ni kuma na ci gaba da iza itace.

Ranar da abin ya faru, maigidan ya dawo da hantsi ɗaukar takin da zai watsa wa alkama. Ya shiga sito, ya farke bakin buhun yuriya, ya ɗebi abin da zai ɗiba, ya ɗaure a mashin ya tafi. Ƙofar kuwa ya rufe ta irin rufewar maza, wato ya ja ta da ƙafa ya ɗauka ta kama. Ni ina can ƙarshen tsakar gida tare da tsohuwar maƙwabciyarmu da muke aikin shinkafa tare, wadda kowa yake ce wa Iya. Muna sauke duro na farko. Garin ya tashi da lumshi, batir bai samu komai ba, ashe talabijin ta mutu ana tsakiyar waƙa. Ban sani ba. Ina cikin baza shinkafa a kan tamfol sai na ji gidan ya yi tsit, irin shirun da uwa ba ta so.

Na leƙa ɗaki, ba kowa. Sai na jiyo dariya daga sito.

Yarinyar ta haye kan buhun wake, ta zura safar babanta a hannu ɗaya, tana damƙo farin taki daga cikin kwano tana watsawa sama. Shi kuma yana ƙasa, ya ɗaga kai, ya wangame baki, harshe a waje. Kansa fari, girarsa fari, daɓen sito fari. In faɗi gaskiya sai da na ɗan tsaya, don abin ya yi kama da na talabijin ɗin har ya ba ni mamaki. Na buɗe baki zan yi faɗan asarar taki, sai idona ya sauka a kan wata leda a gefen buhun.

Hodar ƙwari ce. Maigidan ya sayo ta a kasuwa, a awo, ba kwali ba suna, don barbaɗa wa waken da muke ajiyewa. Ita ma fara ce. Ranar da ya kawo ta, sai da ya ɗaure hancinsa da tsumma kafin ya buɗe, ya ce in kaza ta tsattsaga ba za ta kai bakin ƙofa ba. A saman taga yake cusa ta. Yanzu ga ta a ƙasa, an yage bakinta, wata ta zube, ga sawun 'yan yatsu a ciki.

Ban san lokacin da na suri yaron ba. Na zura yatsa na kwashe abin da ke bakinsa, kafin in kai tsakar gida ya fara kelaya amai a kafaɗata. Iya ta yar da matankaɗin da ke hannunta ta taho tana salati.

"Me ya ci? Ke, me ya ci?"

"Ko taki, ko hodar wake. Ban sani ba, Iya."

"Manja! Ɗauko manja!"

Na ɗauko. Ta matse shi a tsakanin cinyoyinta, ta toshe masa hanci, ta ɗura masa. Ya shaƙe, ya yi tari, ya dawo da shi duka. Rigarsa ta yi ja, haɓarsa ta yi ja, na kasa bambanta manja da jini. Abu ɗaya ne yake yi mini yawo a kai: in hodar ce, me zan ce wa ƙanwata?

Na juya kan yarinyar, don ita kaɗai ta san abin da ya shiga bakinsa. Tana tsaye a ƙofar sito, safar nan tana reto a hannunta. Na damƙi kafaɗunta.

"Wanne kika ba shi? Na buhu?"

Ta gyaɗa kai.

"Ko na leda?"

Ta sake gyaɗa kai.

Na kwaɗa mata mari. Ban taɓa yi mata irinsa ba, har tafina sai da ya yi zafi. Ba ta yi kuka nan da nan ba, ta dai buɗe baki tana kallona.

Iya ta ce, "Ke, duka zai sa ta magana? Kawo ta nan. Zo, ƙawata. Wasan me kuke yi?"

"Na talabijin."

"To wanne kika watsa masa a baki?"

Sai a lokacin kukan ya zo. A cikinsa ta ce, "Mai sanyin. Na leda ba shi da sanyi. Ba ita ba ce."

Na koma sito da gudu, na zura hannu can cikin buhun inda hoda ba ta kai ba, na ɗora 'yan ƙwayoyi a harshena. Shekara da shekaru ina ganin takin nan, ina share shi, ina wanke buhunansa ina shimfiɗa, ban taɓa sanin haka yake ba. Yana narkewa sai na ji sanyi ya ratsa mini harshe, ɗaci ya biyo baya. Na tofar. Ashe gaskiya ta faɗa. Duk da haka hankalina bai kwanta ba, don maganar yarinya ce, kuma yaron bai daina yunƙurin amai ba.

Na goya shi, na zumbula hijabi. Iya ta leƙa waje ta tsayar da ɗan acaba. Kafin nan ihunmu ya tara mata, zaure ya cika, kowacce da maganin da take faɗa. Ina ƙoƙarin ratsa su sai na ji an riƙe mini zane.

"Yaya, zan bi ki."

Ita 'yar fari ce. A wurinmu uwa ba ta nuna damuwa da 'yar fari a gaban mutane. Ba ta kiran sunanta, ba ta ɗaukarta a gaban surukai, in ta yi faɗa da ɗan wani ita za a daka ko da ita ce da gaskiya. Haka aka yi mini, haka na tashi na ga ana yi, har yabona ake yi a dangin mijina wai ina da kara. Ga idon mata a kaina, ga ɗan amana yana nishi a bayana ta dalilinta. Ko fuskarta ban kalla ba, na ɓamɓare hannunta daga zanena.

"Ki bi ni ina? Ɓarnar da kika yi ba ta isa ba? Kafin in dawo ki san yadda za ki yi da ita."

Wata daga cikin matan ta ce, "Yi sauri ke dai, ɗan mutane ne."

Muka ɗauki hanyar bakin kanal. Ruwa ya cika shi taf, alkama ta yi kore shar hagu da dama, mutane suna ta aikinsu kamar ba abin da ya faru a duniya. Na kira maigidan, wayar tana ta ringi ba a ɗauka. Na san inda take, tana aljihun rigar da ya rataya a bishiya, shi kuma yana can tsakiyar gona. Na sake kira, na sake. Duk lokacin da yaron ya yi shiru a bayana sai in mintsini ƙafarsa, in ya yi kuka in ce alhamdulillahi. Ɗan acaban, wani magidanci ne mai furfura a gemu, yana ta cewa in yi addu'a. Na ce masa addu'ar nake yi, shi dai ya ƙara wuta.

A asibiti na faɗa hannun wata nas mai ɗan shekaru, ta ɗora rigar sanyi a kan farar rigarta. Ta karɓe shi ta kwantar, ta buɗe idonsa ta haska da fitilar waya, ta sa abin awo ta saurari ƙirjinsa gaba da baya, ta duba bakinsa.

"Wa ya ɗura masa manja?"

Na ce tsohuwarmu ce.

"Ku dai da manja. Wata rana shi zai kashe muku yaro, ba gubar ba."

Na haɗiye, don ba ranar musu ba ce. Ta ce idonsa lafiya, ƙirjinsa lafiya, da alama takin ne kawai ya tayar masa da zuciya, amma za su riƙe shi su ga yadda zai wuni. Na zauna a bakin gado. Har na fara tsara yadda zan ba ƙanwata labarin bayan ta sauka lafiya, mu yi dariya.

Nas ɗin tana goge masa haɓa da auduga ta ce, "Ya aka yi kika san takin ya ci, ba hodar ba?"

"Yayarsa ce ta faɗa. Tare suke wasan. Ta ce na ledar ba shi da sanyi."

Ta tsaya da gogewar. Ta ɗago ta kalle ni.

"Ita ya aka yi ta san ba shi da sanyi?"

Ni da kaina sai da na ɗora takin a harshe kafin in san yana da sanyi. Zaure cike da mata, kowacce ta haifa ta goya, ga Iya, ga ni, mun tsare yarinya da tambayar abin da ta ba ƙanenta, ba wadda ta ce mata, ke fa?

"Tana ina?"

"Tana gida."

"'Yar wa ce?"

"'Yar gidanmu ce."

Ko a wannan halin abin da bakina ya iya faɗa ke nan. Ta yi mini wani kallo, na san ta gane.

"Tashi ki ɗauko ta yanzu. Ki tuɓe mata kayan jikinta, ki wanke ta da sabulu har kai, ki taho. Kada wanda ya ba ta manja, kada a sa ta amai. Tashi mana!"

Na miƙe, yaron ya ga zan fita ya ƙwalla ƙara yana miƙo hannu. Inna yake ce mini. Nan na tsaya a tsakiyar ɗaki, ƙafa ɗaya tana waje ɗaya tana ciki. In na goya shi zai rage mini sauri, kuma an ce a bar shi a gani. In na bar shi, na bar ɗan da aka damƙa mini a hannun matar da ban taɓa gani ba sai yau, ko sunanta ban sani ba. Na ce, "Sista, ɗan ƙanwata ne, shi ke nan gare ta." Ta ce, "Na ji. Tafi." Na fita ina jin kukansa har bakin get.

Allah ya taimake ni ɗan acaban bai tafi ba, yana tsaye yana shan rake. Da ya ga fuskata ya yar da raken.

"Hajiya, ba dai yaron ba?"

"Wata ce. Mayar da ni."

Iya ba ta da waya. Na kira maƙwabciyata ta jikin katanga, ta ce ai tana Garun Malam wurin biki tun jiya, lafiya? Na kashe. Na sake kiran maigidan, na ji wayar tana ta ringi har ta gaji, na zage shi a zuciyata zagin da ban taɓa yi masa ba, shi da hodarsa da ƙofarsa. Da muka zo 'yar gadar da ke kan kanal sai muka tarar da motar tumatir ta toshe ta, ana ta loda kwanduna a natse, direba yana zaune a gefe yana shan shayi. Ɗan acaban ya fara roƙonsu. Ni ban tsaya ba. Na diro, na tattare hijabi, na ratsa tsakanin mota da bakin gada, na taka tumatirin wani har yana yi mini magana, na ci gaba da gudu a ƙasa. Sai can ya cim mini na sake hawa.

Na tarar da zaure ya watse. Iya tana juya shinkafa a kan tamfol, ta gama sauke duro na biyu ita kaɗai.

"Ya jikin nasa?"

"Ina yarinyar nan?"

"Tana ɗaki mana. Tun da kika fita take kuka, na ce ta je ta kwanta."

Ba ta ɗaki. Na duba bayan ƙofa, na duba ƙarƙashin gado, na leƙa banɗaki da turken awaki. Ina ta kiran "Ke! Ke!" kamar yadda na saba, ba amsa. Sai na ji kaina ina ƙwala kiran sunanta, sunan yanka, wanda tun ranar suna bai taɓa fita daga bakina ba. Iya ta saki baki tana kallona. Na sake kira har muryata ta fashe. Shiru.

Ƙofar sito a rufe take, wannan karon rufewa ta gaske. Na tura, na ji an tokare ta da wani abu ta ciki. Na sa kafaɗa na banka.

Warin hodar ne ya fara dukana. Tana zaune a ƙasa ta jingina da buhun wake, tsintsiya a hannunta. Ta share daɓen nan tas, ta tara takin da hodar wuri guda, tana kwasa da hannu tana zubawa a kwano. Ta rufe ƙofa ne don kada kaji su shigo, haka ta gaya mini daga baya. Gashinta fari, hancinta fari. Yawu yana dalala daga bakinta har ya jiƙa gaban rigarta, gumi yana tsattsafo mata a goshi cikin wannan sanyin. Ta ɗago da ƙyar, ta kare fuskarta da hannu.

"Yaya, na kusa gamawa."

Na ɗauko ta na fito da ita tsakar gida, na yage rigar daga jikinta. Ga ruwan zafi a duro, na sirka da na randa, na wanke ta da sabulu tun daga kai. Ta ce cikinta yana ciwo. Iya ta taho da kwalbar manja. Na daka mata tsawar da har yau in na tuna sai in ji nauyi, tsohuwar da ta yi jika da ni. Ta tsaya da kwalbar a hannu, ta ce, "Allah ya ba ta lafiya," ta je ta ɗauko mini bargo.

Ban goya ta ba. A gaba na rungume ta, cikin hijabi, don in riƙa ganin fuskarta. Numfashinta yana wani ƙara kamar ana tafasa ruwa a ƙirjin. A hanya ina ta yi mata magana, ban san ma abin da nake cewa ba. Na ce mata ƙanenta ya warke, na ce ba wanda zai dake ta, na ce ta share sito da kyau. Wani lokaci ta buɗe ido, wani lokaci ta lumshe. Motar tumatir ta tafi, gadar a buɗe take. Ɗan acaban bai sake ce mini in yi addu'a ba, shi ne yake yi da ƙarfi, iska tana kwashe rabinta.

Nas ɗin tana bakin ƙofa tana jiranmu. Ta buɗe idon yarinyar, na ga ƙwayar ta ƙanƙance kamar kan allura. Ba ta yi mini faɗa ba, wannan ya fi ba ni tsoro. Ta ƙwala wa wani kira, aka zo da gudu, aka sa mata ƙarin ruwa, aka yi mata allura. Jim kaɗan aka sake yin wata, aka saurari ƙirji, aka sake yin wata. Suka ce in fita. Na ce ba inda za ni. Suka ƙyale ni, na tsuguna a gefen gado na riƙe ƙafarta. A ɗaya gadon ɗan ƙanwata yana zaune daram, wata mai jinya ta ba shi biskit yana ci, jan manja har kunne.

Maigidan ya iso bayan azahar, taɓo har gwiwa, ya ga kiran da na yi masa ya biya gida Iya ta gaya masa. Ya tsaya a kaina ya ce, "Ya jikin nata?" Na tanadi maganganu da yawa tun daga gada, amma da na ɗago na ga leɓensa yana rawa, sai na ce masa ya je ya wanke ƙafarsa.

Sai wajen la'asar yawun ya tsaya. Ƙarar ƙirjin ta ragu, ta ragu, har na daina ji sai na kara kunne. Nas ɗin ta sake haska idonta, ta ja dogon numfashi, ta ce za ta kwana biyu a nan, amma in Allah ya yarda an wuce wurin. Yarinyar ta buɗe ido ta ce ƙishirwa. Ta ga allurar da ke hannunta ta fara kuka, tana neman fizgewa. Na hau gadon na ɗora ta a cinyata, na riƙe hannun, na kwantar da kanta a ƙirjina. Ta yi ajiyar zuciya ta yi lamo.

A haka surukaina suka same mu. Labari ya kai babban gida, mahaifin maigidan ya sallami ɗalibansa ya taho da kansa, da surukata, da wasu 'yan'uwa mata. Na ji sallamarsa tun daga baranda. A ƙa'ida kafin ya shigo na sauka daga gadon, na ja hijabi na rufe fuska, na raɓe a lungu kamar ban san 'yar wa ce a kwance ba. Jikina ma har ya fara yunƙurin saukar da kansa. Yarinyar ta ji na motsa, ta damƙe wuyan hijabina da hannun da ba allura.

Suka shigo. Na gaishe su daga inda nake, a kan gado, da 'ya a cinya. Na ga matan sun kalli juna. Surukata ta matso, ta miƙo hannu biyu, ta yi ƙasa da murya don kada maza su ji.

"Kawo ta nan, 'yar nan. Malam ne fa a tsaye."

Na ce, "Na gan shi, Inna. A bar mini ita."